Yadda Ake Gano Abin da Ya Hana Rediyon Motar Kwatano Kama Tasha, da Yadda Ake Gyara Shi

Mutum zai sayi mota 'yar Kwatano ko Beljiyam, inji lafiya, giya lafiya, jiki ba tabo, amma da ya kunna rediyo sai shuuu, ko kuma ya ji tasha ɗaya ko biyu kawai alhali garin cike yake da tashoshi. Abin da aka saba yi shi ne a wuce wajen mai wayarin a ce ya canza eriya, in ba ta yi ba a cire rediyon a sa wani. Sau da yawa wannan kuɗin asara ne, domin rediyon lafiyarsa ƙalau. An ƙera shi ne don ƙasar da tsarin mitocinta ya bambanta da namu. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga direban da yake wuni a kan hanya, wanda labarai da shirye-shiryen siyasa da karatun malamai duk ta rediyo suke zuwar masa. Saboda haka kafin ka kashe ko sisi, bi waɗannan matakai, kuma ka bi su a jere, don na farkon kyauta ne kuma shi ne yake faɗa maka wanda za ka bi a gaba.

Mataki na farko: duba iyakar lambobin da ke allon rediyon

Faka motar a fili, ba ƙarƙashin rumfar kwano ko tsakanin dogayen benaye ba. Murɗa makulli rabi yadda rediyo zai kunnu ba tare da inji ya tashi ba. Sa shi a FM. Kada ka danna SEEK, wato maɓallin da yake neman tasha da kansa. Yi amfani da TUNE, ka riƙa matsawa ɗaya bayan ɗaya, kana lura da abu biyu: inda lambobin suka fara da inda suka ƙare, da kuma yawan tsallen da suke yi a kowane dannawa.

Idan ka ga sun fara daga 76.0 sun tsaya a 90.0 sannan suka koma farko, rediyon Japan ne. Sababbin na Japan, daga wajen 2014 da aka faɗaɗa zangon FM a can, sukan kai 95, wasu har 99. Idan kuma lambobin suna tafiya 88.1, 88.3, 88.5, har zuwa 107.9, ba sa taɓa sauka a kan 88.2 ko 100.0, na Amurka ne ko Kanada. Idan sun fara daga 87.5 zuwa 108.0 suna matsawa kaɗan-kaɗan da 0.1 ko 0.05, na Turai ne ko na ƙasashen Larabawa, kuma tsarinsa ɗaya da namu.

Yi haka a AM ma. Na Amurka yana tsalle goma-goma: 590, 600, 610. Namu da na Turai da na Japan tara-tara ne: 585, 594, 603.

Kada sitiyarin motar ya ruɗe ka. Tun 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, don haka motocinmu sitiyarinsu a hagu yake, na Japan kuwa a dama. Amma akwai motoci da yawa da aka juya musu sitiyari kafin su iso ko bayan sun iso, musamman ƙananan bas irin su Hijet da Suzuki Every da wasu Hiace. Akwai kuma motar da ita kanta daga Amurka take, amma wani ya sa mata rediyon Japan na gwanjo. Idan ka ga sunan Carrozzeria ko Strada a fuskar rediyon, ko rubutun Japananci a allonsa, ba sai ka yi dogon bincike ba.

Idan na Japan ne

Nan ne matsalar ta fi girma, don tashoshinmu suna tsakanin 87.5 da 108 ne, shi kuma rediyon a 90 ya tsaya. Abin da kuka haɗu a kai bai wuce daga 87.5 zuwa 90 ba. A Kano, alal misali, za ka kama Dala FM a 88.5 da Rediyon Kano a 89.3, amma Arewa Radio da ke 93.1, da Rahma a 97.3, da Freedom a 99.5, da Pyramid a 103.5 duk suna can gaba inda rediyon ba ya kaiwa. Ko da ka sa masa eriya mai tsawon gora ba zai kama su ba. AM ɗinsa kuwa zai yi aiki daidai, tunda tsarinsa irin namu ne.

Hanya biyu ce: a cire rediyon a sa wanda aka yi don yankinmu, ko a sa masa kwanbata ta FM. Idan rediyon ƙarami ne na gargajiya, babu abin da ya haɗa shi da sauran kayan motar, ni dai ina ganin canza shi ya fi. Amma idan allonsa ne yake nuna kyamarar baya, ko yake haɗe da maɓallan sitiyari da na'urar sanyi, to kwanbata ta fi sauƙi da arha.

Kwanbata ɗan ƙaramin akwati ne da ake jonawa tsakanin wayar eriya da rediyo. Aikinta ta sauko da mitar tasha ƙasa da wani adadi, yadda za ta faɗo cikin iyakar rediyon. Akwai mai 10, mai 12, mai 14, mai 16, mai 18 da mai 20, kuma a jikinta ake rubuta lambar. Ana samun ta a wajen masu kayan rediyon mota a kasuwannin kayan gyara irin Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna. Inda mutane suke kuskure shi ne su karɓi duk wadda aka miƙo musu. Kafin ka je kasuwa, ɗauki takarda ka rubuta mitar tashoshin da kake saurara waɗanda suka wuce 90, ka ɗebe lambar kwanbata daga kowacce. Duk amsar da ta faɗo tsakanin 76 da 90, za ka kama tashar. Wadda ta fita daga nan ka rasa ta.

Ga yadda lissafin yake fitowa a Kano. Da mai 14, Freedom za ta bayyana a 85.5, Rahma a 83.3, Arewa a 79.1. Ya yi kyau, sai dai Pyramid za ta sauko 89.5, kusa-kusa da Rediyon Kano da ke 89.3, domin yawancin kwanbatoci suna barin tashoshin ƙasa da 90 su wuce a mitarsu ta asali. Tasha biyu a maƙale da juna haka, mai ƙarfi za ta danne ɗayar ko su riƙa shiga cikin juna. Da mai 18, Arewa ta faɗo 75.1, ta fita daga iyaka ke nan, kuma Raypower da ke 106.5 za ta sauka daidai kan 88.5, wurin Dala FM. Da mai 16, Arewa tana 77.1, Rahma 81.3, Freedom 83.5, Pyramid 87.5, babu wadda ta hau wata a cikinsu, amma ka rasa abin da ke tsakanin 90 da 92 da kuma wanda ya wuce 106. Ka ga babu kwanbata ɗaya da za ta kwaso komai. Mutumin Kaduna ko Sakkwato ko Maraɗi sai ya yi nasa lissafin da tashoshin garinsa, don abin da ya dace da Kano ba lallai ya dace da shi ba.

Wajen ɗaurawa, kana bukatar sukundireba, ɗan lebur na roba don ɓalle fuskar dashbod ba tare da ƙarce ta ba, fitilar gwajin wuta ko mitar awon wuta, da salatif na wuta.

Da farko kashe mota ka zare makulli. Mafi aminci shi ne a cire kan batir na baƙar waya, amma tsaya tukuna: wasu rediyoyin asali, musamman na Honda, da zarar wuta ta yanke musu sai su kulle su nemi lambar sirri. Duba cikin akwatin gaban fasinja ko takardun mota ko akwai kati ko sitika mai lambar. Idan babu, kada ka cire batir, kada kuma ka zare babban soket ɗin bayan rediyon. Zare makulli kawai ka yi aikinka a hankali.

Ɓalle fuskar, kwance sukurorin da suka riƙe rediyon, ka jawo shi waje kaɗan. A bayansa za ka ga wata baƙar waya mai kauri, zagayayya, mai kan ƙarfe da tsinke a tsakiya. Ita ce wayar eriya. Zare ta, ka cusa ta a ramin kwanbata, sannan wutsiyar kwanbatar ka cusa ta inda ka zare ta eriyar. Wasu motocin Nissan da Honda da sababbin Toyota bakin eriyarsu daban yake, mai kusurwa ko mai tsinke biyu. Irin wannan adafta ake saya masa. Kada ka yarda a yanke wayar eriya a murɗe ta da hannu, don a nan ne rabin ƙarfin tashar yake zubewa.

Saura jar wayar kwanbata, wadda take bukatar wuta mai ƙarfin bolt 12. A jona ta a wayar da take kawo wuta sai an murɗa makulli, wadda ake rubuta wa ACC. A rediyon kasuwa ja ce ACC, rawaya ita ce mai wuta kullum, baƙa kuma ta jikin mota. Wayoyin kamfani launinsu daban ne, don haka kada ka yi canke. Ɗora fitilar gwaji: wayar da fitila ta kama da ka murɗa makulli, ta mutu da ka zare shi, ita ce. Idan ka jona a mai wuta kullum, kwanbatar za ta yi ta shan batir dare da rana ko mota tana ajiye. Duk wani soket ko kunshin waya mai rawayar riga da ka gani a bayan dashbod, na jakar iska ne, kada ka taɓa shi. Naɗe mahaɗar da salatif sosai, ka gwada tashoshin kafin ka mayar da sukurori, sannan ka adana su a maɓallan 1 zuwa 6, tunda lambar da allo zai riƙa nunawa ba ita ce ainihin mitar tashar ba.

Idan na Amurka ne

Yawancin Camry da Corolla da Sienna da Accord da ke titunanmu daga can suke, kuma an yi sa'a: galibin tashoshin FM na Najeriya mitarsu tana ƙarewa ne da 1, 3, 5, 7 ko 9, daidai inda rediyon Amurka yake sauka. Duk tashoshin Kano da na lissafa a sama za su shiga. Matsalar tana fitowa ne idan tashar tana kan lamba mai ƙarewa da 0, 2, 4, 6 ko 8, kamar Rediyo Anfani ta Yamai da ke kan 100.0. Rediyon zai tsaya a 99.9 ko 100.1, ka ji magana amma da shashshaka, SEEK kuma ya riƙa tsallake ta. Abin yi shi ne ka nemo ta da TUNE, ka gwada gefe biyun, ka adana wanda ya fi fita. Kwanbata ba ta da amfani a nan. In tashar da ka fi so irin wannan ce kuma abin ya dame ka, canza rediyo ne maganin.

A AM abin ya fi fitowa fili. Rediyon Kano 729 take, 730 kuma kusa ne ƙwarai, za ka ji ta lafiya. Nagarta ta Kaduna 747 ce, sai ka tsaya a 750. Rediyon Tarayya Kaduna 594 take, tsakanin 590 da 600, don haka murya za ta ɗan shaƙe, musamman idan ka yi nisa. 590 ya fi kusa.

Idan ka ji sautin FM ya yi ɗan dushe-dushe a motar Amurka, ƙara TREBLE kaɗan, domin yadda suke tace sauti a can ya ɗan bambanta da na Turai da Afirka. Maɓallin SAT ko XM kuwa ka manta da shi. Tauraron ɗan'adam ɗinsa Amurka da Kanada yake haskawa, ba zai yi aiki a nan ba, kuma ba lalacewa ya yi ba.

Idan na Turai ne

Golf, Sharan, Vectra, Peugeot 406 da ire-irensu tsarinsu namu ne. Idan SEEK yana ta zagaye ba ya tsayawa a kowace tasha, duba allo ko akwai TA ko TP a kunne. Wannan saitin yana sa rediyo ya tsaya kawai a tashar da take aiko da alamar rahoton cunkoson hanya, abin da yawancin tashoshinmu ba sa yi. Kashe shi, ka kashe AF da REG, idan akwai LOC ma ka kashe shi ko ka mayar DX. Sau da yawa nan maganar take ƙarewa.

Mataki na gaba: lambobi sun yi daidai amma tasha ba ƙarfi

Yanzu ne lokacin zargin eriya ya yi. Fara da ido. Idan mai sanda ce, duba ko sandar tana nan, don ana yawan kwance ta a jirgin ruwa ko a tashar sauke kaya, ko kuma mai wankin mota ya karya ta. Cikakkiyar sandar FM tsawonta kusan santimita 75 zuwa 80 ne. Gajerun na ado da ake sayarwa ba sa kama kamar ta. Kwance ta ka goge tsatsar gindinta, ka ɗaure da kyau. Motar da ta yi shekaru a ƙasar ƙanƙara inda ake zuba gishiri a titi, gindin eriyarta yakan ci tsatsa ta ciki, ya daina haɗuwa da ƙarfen mota. In kana da mita, zare wayar eriya daga bayan rediyo ka auna: daga tsinken tsakiya zuwa sanda ya kamata a sami haɗi, daga ƙarfen gefe zuwa jikin mota ma haka, amma tsakanin tsinke da ƙarfen gefe kada a sami haɗi. Wannan awon na eriyar da ba ta da na'urar ƙara ƙarfi ne.

Motoci da yawa ba su da sanda sam. Eriyarsu siraran layuka ne a gilashin baya ko na gefe, tare da ƙaramar na'urar ƙara ƙarfi da aka ɓoye a jikin ginshiƙi ko ƙarƙashin rufi. Abu uku ne suke kashe irin wannan. Na ɗaya, ledar duhu mai ƙarfe-ƙarfe da aka manna a gilas. Na biyu, kankare tsohuwar leda da reza, wanda yake yanke layukan. Haska fitila ka bi layin a hankali, in ka ga inda ya katse, akwai fenti mai ɗaukar wuta da ake gyara shi da shi. Idan an taɓa canza gilashin baya, duba ko an mayar da 'yan soket ɗin da ke gefensa, ko ma sabon gilashin ba shi da layin eriya gaba ɗaya.

Na uku shi ne ya fi yawa a 'yan shekarun nan, tun da aka fara yayin cire rediyon asali ana sa babban allo na Android. Na'urar ƙara ƙarfin tana bukatar wuta, kuma tsohon rediyon ne yake ba ta. Mai ɗaurawa ya jona sifika da kyamara, ya bar wata shuɗiyar waya mai rubutun ANT tana reto. Sai ka ga tashar da ke cikin gari tana shiga da ƙyar, da ka fita bayan gari ta ɓace, AM kuma babu ko kaɗan. A nemo wayar da take kai wuta ga na'urar a cikin soket ɗin motar, a haɗa ta da shuɗiyar. A motocin Volkswagen da Audi kuwa wutar ta cikin wayar eriyar kanta take bi, don haka ana bukatar adafta ta musamman mai ɗan akwati da shuɗiyar wutsiya. Ba tare da ita ba, ko wane irin tsada sabon rediyon yake da shi, ba zai kama da kyau ba.

Tunda ana maganar allon Android, shiga saitinsa na kamfani ka nemo inda ake zaɓar yankin rediyo. Za ka ga Turai, Amurka, Japan da OIRT. Zaɓi Turai. Wasu rediyoyin kasuwa irin na Pioneer da aka yi don ƙasashen Larabawa da Asiya suna da FM STEP da AM STEP a saitin farko. A sa AM a kan 9.

Idan ƙara ce take damun ka

Saurari rediyo inji a kashe, sannan ka tayar. Idan ƙarar ta zo da tashin inji, ka ji siririn kuka da yake hawa idan ka taka totur, daga altaneta ne, kuma yawanci baƙar wayar rediyo ce ba ta kama ƙarfen mota da kyau ba. A kankare fenti a ɗaure ta da sukuru a ƙarfe tsirara, a duba kan batir ma. Idan ƙas-ƙas-ƙas ce mai sauri da take bin bugun inji, duba fulogi. Wanda ya dace da rediyo shi ne mai harafin R a lambarsa, kamar BKR6E na NGK.

Idan kuma ƙarar shuuu ce da take rufe tashoshi, zare cajar waya daga soket ɗin sigari ka ji. Cajoji masu arha suna watsa hayaniya a kan zangon FM sosai, haka ma ƙwayayen fitila na LED da aka sa a madadin na asali, da kyamarar da ake liƙawa a gilashin gaba, da ɗan abin nan da ake cusawa don jin waƙar waya ta rediyo. Cire su ɗaya bayan ɗaya, kana kunna fitila kana kashewa. Wanda ka cire ƙarar ta ɗauke, shi ne za ka canza da mai inganci.

Akwai kuma abin da ba gyara yake so ba. FM ba ya tafiya nesa sosai, kuma tudu da duwatsu suna tare shi. Idan ka tashi daga Kano za ka Kaduna, tashar Kano ta fara yankewa bayan ka yi nisa, ba laifin motarka ba ne. AM ne yake jure dogon zango, musamman da dare. Hanya mafi sauƙi ta rabewa ita ce ka faka kusa da wata motar da ka san rediyonta lafiya yake, ku sa tasha ɗaya. Idan na waccan motar ya fita tar naka yana shashshaka, koma kan eriya da wutarta. Duk gyaran da aka yi maka, ka sa a gwada tasha mai nisa da kuma AM, inji a kunne, fitila a kunne, kafin a rufe dashbod kuma kafin ka biya kuɗin aiki.